Gonar Murjani

Falta ta sake kai cokalin bakin mijinta. Alhaji Kallamu ya datse leɓɓansa, ya kawar da kai iya inda wuyansa ya yarda, kunun ya bi gefen gemunsa ya sauka kan tawul ɗin da ta shimfiɗa masa a ƙirji.

"Alhaji, don girman Allah. Na gyaɗa ne fa, har zuma na sa."

Ko kallo ba ta ishe shi ba. Idonsa yana can kan akwatin gilashin da ya cinye rabin bangon falon, inda ruwan gishiri ke zagayawa a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Tun da hawan jini ya kayar da shi, ya shanye masa ɓarin dama, ya nauyaya masa harshe, nan aka dawo da gadonsa. Da aka kwantar da shi a ɗaki, bango ya yi ta bugu da hannun hagu har sai da aka gane abin da yake nufi. Da farko yana ci. Ba da yawa ba, amma yana ci. Sai kifinsa na cikin akwatin ya daina ci, shi ma ya daina.

Kifin yana nan a ɓangaren hagu na akwatin, fale-fale kamar ganye, rawaya da fari, da baƙin zane da ya ratsa idonsa, da ɗan tsinin baki. Alhaji yana kiransa Farasha, yadda ya ji ana kiran irinsa a Jidda, shekarun da ya yi yana wanke tankunan kifi a gidajen masu hali. Mutanen ƙauyen da suka leƙo suka gani cewa suka yi malam-buɗe-littafi ne ya faɗa ruwa. Yanzu ƙeyarsa ta lotsa, cikinsa ya shafe, yana tsaye wuri guda yana kaɗa fiffike a hankali.

Sauran ƙananan kifayen ba ruwansu, garin gwangwani ake barbaɗa musu su yi ta wawaso. Farasha kuwa ɗan gata ne. Abincinsa daskararre ne, daga Legas yake zuwa cikin kula, wurin wani mutum da Alhaji kaɗai ya saba da shi. Na cikin firij ya ƙare, aka kira mutumin, ya ce shi ya bar sana'ar. Tun daga nan babu abin da Falta ba ta gwada ba: tanar da ta tono a bakin rijiya, gara, dakakken kirifish, gwaiduwar ƙwai, har hantar kaza. Sai kifin ya matso, ya duba, ya juya mata baya, sak mai gidansa.

Malam Abdurra'uf, ma'aikacin lafiyar da ke zuwa a babur yana duba Alhaji, ya naɗe abin awon jininsa ya sa a jaka. Ya yi mata alama da ido, ta bi shi tsakar gida.

"Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Ruwan da nake ɗaura masa ba abinci ba ne. Jikinsa ya fara cin kansa. In yau ma bai karɓi komai ba, sai dai a mayar da shi Kano, a zura masa roba ta hanci."

"Ya tsani asibitin nan, Malam. Ranar da aka sallamo shi, hannuna ya riƙe har sai da na yi masa alkawari."

"To ya ci mana. Haɗiyarsa lafiya lau, na duba. Ƙi ne kawai." Ya ɗan rage murya. "Na riga na gaya wa Ikhlas. Ki yi haƙuri, haƙƙinta ne ta sani."

Ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba wayarta ta ɗauki ruri. Ikhlas ce, 'yarsu tilo, da ke aure a Bacirawa.

"Mama, bayan la'asar za mu taso da mota ni da Abban su Humaira. Ki haɗa masa kayansa."

"In muka tafi wa zai kula da ruwan? Kwana ɗaya aka bar shi komai ya mutu."

"Ya mutu mana! Mama, Baba ake magana, kina zancen kifi?"

"Ai duk zancen ɗaya ne, ke ma kin sani."

Falta tana jin hucin Ikhlas ta wayar. Can ta ce, "Na duba a waya jiya. Wai irin kifin nan in ya ƙi ci, akan buɗe masa wani abu mai ɓawo biyu a ajiye masa ɗanye. Zan turo miki hoton. Ni ban san inda za ki same shi ba, mu da ko teku ba mu da ita. Amma Mama, in na zo na tarar bai ci ba, wallahi ɗaukarsa zan yi ko yana kuka."

Da hoton ya shigo, Falta ta ɗauki wayar ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta Barira, wadda ke tsugune tana wanke kwanuka. Barira ta goge hannu a zani, ta nesanta wayar da fuskarta, ta ƙanƙance ido.

"Wannan ai makankari ne. Da ɓawonsa kakata take kankare ƙwarya. Masuntan dam suna tsintarsa a laka, yarwa ma suke yi. Yau kasuwar Ɗambatta, ki tambayi masu kifi." Ta miƙo wayar tana dariya. "Kai, Barebari! Mutane na zuwa kasuwa sayen kifin da za su ci, ke za ki je sayo wa kifi abin da zai ci."

"Bafillatana, yau ba ni da bakin rama miki. Roƙa min maigidanki Malam Ɗan'auta ya zo ya zauna da Alhaji kafin in dawo."

Dariyar Barira ta tsaya. "Yanzu zai shigo. Je ki, Allah ya sa a dace."

Kafin ta fita sai da ta yi wa akwatin hidimarsa, don shi ba ya jiran mai jinya ta huta. Ta ƙara tataccen ruwa daidai zanen da Alhaji ya yi da jan biro, ta zubar da kofin nan mai warin kwata da ke tara dattin ruwan, ta taɓa injin sanyaya ruwa ta ji yana numfashi. Hannayenta duk sun yi kaushi, gishiri ya tsattsage mata gefen farce. Ta tsaya tana kallon ɓangaren dama, wanda ya fi girma, wanda Alhaji ke kira gona.

Murjani ne, amma ba irin na wuyan amare ba, wannan mai rai ne. Guntaye ya sayo, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, ya manna su a duwatsu, ya yi shekaru yana rainonsu. Abu ne da sai a yi wata da watanni bai ƙaru da faɗin farce ba. Yanzu wani ya yi rassa kamar kuka da rani, wani ya yi curi kore shar, wani kuma gashi-gashi ne da ke rausaya duk inda ruwa ya kaɗa shi. Tsakanin gonar da Farasha akwai allon roba mai huda-huda, daga ƙasa har sama. Darni, in ji Alhaji. Don a teku murjani shi ne tuwon irin wannan kifin. Farkon zuwansa Alhaji ya sake shi cikin gonar, kafin gari ya waye ya yi wa wani reshe sanƙo fari fat. Ranar kamar an yi masa mutuwa. Da wani mutumin ne, da sai ya zaɓi ɗaya, ko kifin ko murjanin. Alhaji Kallamu bai taɓa yarda duniya ta sa shi zaɓe ba, sai ya yanko roba ya raba musu gida.

Ta yafa mayafi ta fita. Rana ta riga ta buɗe, irin ta bazara mai sa mutum ya ji haushin kowa. Hanyar zuwa bakin titi ta ratsa gonaki ne, gona na jingine da gona, babu tazarar da ta wuce kunya ɗaya. An share su tas, an jibge taki tsibi-tsibi ana jiran ruwan fari. Awaki na ta yawo suna tsintar abin da ya rage, suna cin sauran 'yancinsu kafin a yi shuka a kama su a ɗaure. A tsakiyar wannan duka gidansu yake, rufinsa shimfiɗe da farantan sola, don Alhaji ya ce hayaƙin janareton birni da ɗauke wuta za su kashe masa ruwa. Saboda kifi ya sayar da gidan birni. Saboda kifi aka daina fesa maganin sauro. Saboda kifi ita Falta, 'yar Barno gaba da baya, wadda uwarta har daga wasu garuruwa ake zuwa sayen turarenta, ta yi shekaru ba ta sa garwashi a kasko ta turara ɗakinta ba, wai hayaƙin yana narkewa a ruwa. Ko humra sai in za ta fita unguwa, ta dawo kuma ta wanke hannu har gwiwa. 'Yan'uwanta in sun zo sai su yi ta shaƙar iska suna kallon juna. Ta yi fushi, ta yi yaji sau ɗaya, ta dawo, ta gaji da fushin ma.

Bas ɗin da ta samu ta cika har ta yi ciki, an ɗaura buhunan gero a sama, an cusa tunkiya a ƙarƙashin kujerar baya. Aka matsa mata gefen wata mata mai goyo. Yaron ya yi ta jan mayafinta, ba ta hana shi ba. Ta jingina kai da ƙarfen taga mai zafi, barci ya fizge ta, ramin titi ya dawo da ita. Rabonta da barcin kirki tun kafin Alhaji ya faɗi. Juya shi, wanke shi, shanya zannuwa, duba ruwa, dama kunun da za a zubar. Wani lokacin in tana goge gilashin sai ta ji kamar ta ɗauko taɓarya ta yi masa bugu ɗaya, ruwan ya malale har gonar Ɗan'auta, kowa ya huta. Sai ta yi istigfari ta ci gaba da gugar.

Layin masu kifi yana can ƙarshen kasuwa, bayan 'yan hatsi da turakun awaki. Ƙuda ya yi baƙi a kan tarwaɗa da karfasa. Ta nuna hoton ga na farko, ya ce shi kifi yake sayarwa. Na biyu ya tambaye ta ko na magani ne, in na magani ne ya san wani malami. Na uku ya kira na huɗu, suka haɗa kai a kan wayar suna gardama. Daga ƙarshe aka nuna mata wani dattijo, Muhammadu Sani, da ke zaune kan kifaffen bokiti yana gyaran koma.

"Makankari? Hajiya, wa zai ɗauko wannan ya kawo kasuwa?" Ya dube ta da kyau, ya ga idonta. "Wa za a ba?"

"Kifi."

"Kifi kuma?"

"Kifin maigidana ne. Ba shi da lafiya."

"Kifin ko maigidan?"

"Dukkansu."

Dattijon bai yi dariya ba, ta kuwa gode masa a ranta. Ya ajiye komar, ya jawo wani jiƙaƙƙen buhu da ya zo da kifi a ciki, ya zazzage shi a ƙasa. Cikin ciyawar ruwa da laka ya tsinto 'yan ƙwayoyi, baƙaƙe, bakinsu a rufe gam.

"Waɗannan koma ce ta kwaso su. Masu rai ne, kin ga sun ƙi buɗewa. Ki sa wuƙa ta nan gefen." Ya zuba mata a leda da ɗan ruwa. Ta fara kwance bakin mayafi, ya ɗaga hannu. "Haba Hajiya. Abin da zan zubar? Allah ya ba su lafiya su biyun."

A hanyar dawowa motar ta yi faci a wajen gari. Aka sauke kowa, aka tsaya ƙarƙashin wata darbejiya da ba ta da inuwar kirki. Falta ta rungume ledar a cikin mayafi kada rana ta dafa abin. Ta yi alwala da ruwan sha na leda, ta yi azahar a gefen titi. Lokacin da ta sauka a mahaɗarsu inuwa ta fara tsawo, ƙafafunta sun kumbura cikin takalmi.

Ta tarar da Malam Ɗan'auta zaune kan tabarma a gaban gadon, hularsa a gwiwa, carbi a hannu. Kofin kunun da ta bar masa yana nan yadda yake, ya yi fata a sama.

"Sannu da hanya, Hajiya. Na yi, na yi, har labarin rikicin iyakar gonarmu na ba shi ko zai buɗe baki ya yi dariya in zura cokali. Ko gezau."

"Sannu da ƙoƙari, Malam. Allah ya saka."

Ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗauko wuƙa, ta ɓare makankari ɗaya. Naman ciki fari-fari ne, mai santsi, yana ɗan motsi. Ta ɗauraye shi da tataccen ruwa, ta hau kujerar da Alhaji ke hawa, ta zura hannu ta ajiye shi a kan yashi a ɓangaren Farasha. Da ta waiwayo ta ga Alhaji ya ɗago kai daga matashi, abin da bai yi ba tun jiya.

Ƙananan kifayen suka fara zuwa, suka yi ta fizga. Farasha ya juyo. Ya taho a hankali, ya karkata jiki ya dubi abin da ido ɗaya, ya sauke tsinin bakinsa har ya kusa taɓawa. Ya tsaya nan kamar mai karanta wani abu. Sannan ya ja da baya, ya koma jikin allon roba.

Alhaji ya mayar da kansa kan matashi.

Ta ɓare na biyu, ta daddatsa shi ƙanana, ta watsa. Ta ɓare na uku ta soke a tsinke ta yi ta kaɗa masa a gaban baki. Ruwan ya fara yin dishi-dishi. Ta sauko daga kujerar, ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa, ledar na ɗiga a gefenta. Ba ta yi kuka ba. Kukan ma ƙarfi yake so.

Ɗan'auta ya gyara murya. "Hajiya, ni ban san kifi ba, sai a miya. Amma tun da kika fita nake kallon wannan. Bakinsa na jikin hudar nan, yana leƙen wancan ɓangaren. Haka akuyata take yi a jikin darni in dawa ta fara kai. Ba ciwo ke damunsa ba."

"Na sani, Malam."

"Au, kin sani?"

"Tun ranar farko na sani."

Ya dubi gonar, ya dubi Alhaji, ya dube ta. Shi manomi ne, ba sai an yi masa bayanin abin da ake nufi da sakar wa dabba gona ba. A garin nan an sha ɓata zumunci a kan abin da bai kai haka ba. Ya sa hularsa, ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Bari in je in yi la'asar. In an buƙace ni a ƙwala wa Barira kira."

Da ya fita falon ya yi tsit, sai gurnanin injin da ƙarar ruwa. Falta ta ja jiki ta matso bakin gadon. Fuskar Alhaji ta zabge, ƙasusuwan kumatunsa sun fito, gefen bakinsa na dama ya saki. Mutumin da in yana zancen murjani sai an roƙe shi ya yi shiru a ci abinci.

"Alhaji, Ikhlas na hanya. Ka ji abin da Malam Abdurra'uf ya ce, na san ka ji, kunnenka ai bai shanye ba. In suka ɗauke ka, ni ma binka zan yi. Babu mai ƙara ruwa, babu mai duba inji. Gonar da kifin duk tafiya za su yi."

Ya lumshe ido.

"Abu ɗaya ya rage, ka fi ni saninsa. In cire darnin?"

Idon ya buɗe. Hannunsa na hagu ya damƙi zanin gado. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba kalma ba ce, amma ta shekara talatin da wani abu tana jin a'arsa, ta san ta ko a wane kaya ta zo.

"To ka sha kunun."

Ya kawar da kai.

"Ba za ka sha ba, ba za a cire ba, ba za ka asibiti ba. To me kake so in yi? Ka faɗa min. Ni ma mutum ce, Alhaji. Na gaji. Wallahi na gaji."

Bai motsa ba. Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Daga masallacin ƙauye aka tayar da salla, wata jaka ta yi kuka a bayan katanga. Sai ta dafa gadon ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara, ta sake wanke hannu, ta hau kujerar.

Allon ya daɗe a wurin, gishiri da gansakuka sun like shi da gilashi. Ta ja, ya ƙi. Ta girgiza shi hagu da dama. A bayanta Alhaji ya fara bugun katifa da hannu, yana wani irin gunji. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta iya ba. Ta sa hannu biyu ta fizga. Allon ya taho gaba ɗaya, ruwa ya fantsamo mata a fuska da ƙirji, gishirin ya shiga idonta. Ta jingine shi a bango yana zuba.

Farasha bai gane nan da nan ba. Ya je daidai inda allon yake ya tsaya, ya juya, ya sake dawowa. Sannan ya wuce. Ya bi ta kan duwatsun a hankali, ya zagaya koren curin, ya nufi mai rassan nan, babban cikinsu, wanda Alhaji ya fi daɗewa yana raino. Ya karkata, ya kai baki. Ya sake kaiwa. Gashin murjanin ya tsuke ya shige ciki, wani ɗan fari ya bayyana a kan reshen kamar ƙwayar gero. Kifin ya matsa gaba kaɗan ya ci gaba, caf, caf, ba sauri, ba tsayawa.

Bugun katifar ya tsaya. Falta ta sauko, ta goge ido da gefen zani, sai a sannan ta juyo.

Ya tashi zaune. Ba sosai ba, ya dogara da gwiwar hannun hagu, jikinsa na rawa, amma ya tashi, shi kaɗai. Hawaye na bin fuskarsa ta ɓangaren da ya saki. Kallon da yake mata ba ta taɓa ganin irinsa a idonsa ba, ko ranar da ta yi yaji. Leɓɓansa suka yi ta kokawa da wata magana.

"Ɓa... ɓarna."

"Na ji. Ɓarna ce."

"In... na... tashi..." Ya tsaya yana haki, ya nuna allon da haɓa, ya nuna akwatin. "Ni... zan..."

"Ka mayar da shi. To. Ga shi nan a jingine, ba zan taɓa shi ba. Ni dai ba zan mayar ba, Ikhlas ma ba za ta mayar ba. In kana son gonarka, sai ka tashi da ƙafarka ka hau kujerar nan." Ta nuna shi da hannu. "Kuma da wannan jikin ko ƙofar falo ba za ka kai ba."

Ya dubi murjanin. Farin ya zama biyu, ya zama uku. Ya dubi ƙafarsa ta dama da ke kwance kamar ba tasa ba. Numfashinsa na fita da ƙarfi ta hanci. Can ya miƙa hannun hagu wajen kofin da ke kan teburi, ya kusa kifar da shi.

"Tsaya, ya huce. Bari in ɗumama."

Ya buga teburin.

Ta kwashe fatar saman da cokali, ta sa masa matashi biyu a baya, ta zauna a bakin gadon da jiƙaƙƙiyar rigarta. Ta ɗebo ta kai. Ya fizge cokalin daga hannunta, rabi ya zube a tawul, ya kai sauran bakinsa da kansa. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya sake ɗebowa, ya sake zubarwa, ya sake kaiwa.

Ta riƙe masa kofin daidai ƙirjinsa. Ta san mai yiwuwa ba zai taɓa hawa kujerar nan ba. Ta san yadda kifin nan ke ci, gonar ba lallai ta ga ƙarshen damina ba, kuma kowane farin tabo da zai fito, a kanta zai rubuta shi. Ta karkata kofin don cokalin ya samu na ƙasa.

"A hankali, Alhaji, kada ka ƙware."

Ya haɗiye, ya sake tsoma cokalin. Bai dube ta ba.